Shekarar da Na Ga Tauraro Yana Rarrafe

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, shi ne ya ga abin da na gani, shi kuma zai tambaye ni a kanta. Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake gaya muku a kasuwar Wagini. An ce kakanku Audu boka ne, an kama shi yana bugun ƙasa a Runka aka koro shi. Masu sauƙin baki kuma suna cewa a'a, taɓin hankali ne ya same shi har yake ganin taurari suna yawo. Duk na ji, na yi shiru shekara da shekaru. Ba haƙuri ba ne, kun san ni da haƙuri ko a hanya ba mu cika gaisawa ba. Girman kai ne ya hana ni tsayawa in wanke kaina gaban masu sayar da daddawa. Yanzu ido ya tafi, ƙafa ma ta fara sallama, shi ya sa na ce wa babban ɗana Sani ya ɗauko alƙalami da tawada ya zauna. Abin da na faɗa shi zai rubuta, in ya gyara mini magana don ta yi daɗi, Allah yana kallonsa.

Mahaifina, wanda duk Runka ke kira Malam Babba, shi ne mai lissafin taurari a garin. Kada ku ji lissafin taurari ku ɗauka duba ne. Aikinsa shi ne ya san masaukan wata ashirin da takwas, ya san wane tauraro ya kama, kwana nawa ya yi, kwana nawa ya rage masa, don ya gaya wa manoma lokacin shuka. Ruwan farko mayaudari ne, yakan sauka kamar da gaske, mutum ya zuba irinsa, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin. A zamanin nan kuwa iri ba abin wasa ba ne. Mahara suna ɓullowa ta dajin Rugu, ba kowace shekara ake noma nesa da ganuwa ba, wanda ya yi asarar irin farko sau da yawa ba shi da na biyu. Saboda haka in ruwa ya sauka sai ka ga zaurenmu ya cika da sassafe, ana tambaya a shuka ko a dakata. In Baba ya ce a dakata, ko ƙasa ta jiƙe har gwiwa ba mai taɓa rumbu. Haka nan duban jinjirin wata na azumi da na salla, shaidar gidanmu ake kai wa hakimi, daga nan ta wuce Katsina.

Ina da shekara talatin da 'yan kai ciwon yana ya rufe wa Baba ido. Mu biyu ne maza a gidan, ni da ƙanena Iliya, sai Baba ya raba mana aikin. Iliya mutum ne na takarda, rubutunsa kamar a lasa, ya haddace littafin lissafin nan tun daga bango har bango, shi aka bar wa littafi. Ni kuwa karatuna bai taka kara ya karya ba, amma Allah ya ba ni ido, ina iya gane rawanin mutum tun yana gangaren rafi. Ni aka bar wa sama. Bayan gidanmu, jikin ganuwa ta gabas, akwai wani falalen dutse. Da asuba in hau, bayan lisha in sake hawa, in duba, in sauko in tarar da Baba a kan buzunsa in gaya masa. Ran da ya fara aike na ya kama hannuna ya ce:

"Audu, daga yau kai ne idona. Abin da ka gani shi za ka hwaɗa mani. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Shekara huɗu muna haka, ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu.

Shekarar da nake son ku ji labarinta, abin ya fara ne a goshin damina, zafi ya kai zafi, ruwa bai zauna ba. A lokacin Kunama take fitowa daga gabas bayan lisha, taurarin nan masu lanƙwasa da jan tauraro a ƙirjinsu. Na san wannan wajen na sama kamar yadda na san tsakar gidanmu. Hagu da jan tauraron akwai wasu 'yan ƙanana guda uku a zaune kamar duwatsun murhu, kullum da su nake gwada ko sama ta yi garau. Ran nan duhun wata ne, na ɗaga kai na ga huɗu. Na murza ido, na kau da kai, na sake dubawa, huɗu dai. Na huɗun ɗan mitsitsi ne, in ka zuba masa ido sosai ya ɓace, sai ka ɗan karkata kallo yake fitowa. Na ce wa raina ƙila dama yana nan, ni ne ban kula ba, ko da yake raina bai yarda ba. Washegari yana nan. Da aka kwana biyar na ga abin mamaki: ba a inda na bar shi yake ba. Ya gusa yamma kamar faɗin yatsa.

Ido yana mantuwa, ni kuwa ba gwanin alƙalami ba ne, sai na yi abin da na iya. A gindin dutsen akwai rairayi, na share shi da tafin hannu ya yi sumul. Na sa jan tsingaro a matsayin ƙirjin Kunama, na sa baƙaƙen duwatsu uku a matsayin murhun nan, na nemo farar tsakuwa na aje inda baƙon yake. Kowane dare in na sauko sai in ƙara farar tsakuwa guda a sabon wurinsa, in bar ta jiya a inda take, in kife tsohon kwando a kai saboda awaki. Kafin wata ya yi haske ya dusashe shi, tsakuwoyin sun yi layi, siriri, kamar sawun tururuwa.

Kakarku Kulu ce ta fara kama ni. Ta gaji da ajiye tuwo yana sandarewa, ta biyo ni da fitilar mai a hannu, ta tarar da ni durƙushe ina jera tsakuwa.

"Malam, ashe 'yar carafke kake yi? Da ka hwaɗa mani ai da na zo mun yi tare, na hi ka iyawa."

"Kashe fitilar nan ki hau nan."

Ta hau tana mita. Na tsaya bayanta na miƙa hannu ta kan kafaɗarta, na bi da ita daga jan tauraro zuwa murhu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ta gan shi. Na ce ta riƙe wurin a ranta. Bayan kwana shida ta sake hawa da kanta, ban kira ta ba, sai na ji ta ce:

"La ilaha illallahu! Wanga abu rarrahe yake yi, kamar Sani."

Kai Sani, a lokacin kana rarrafe kana cin ƙasa, kada ka ɗaga mini kai, rubuta. Tun daga ranar ɗan rarrafe muke kiransa ni da ita.

Na kai wa Baba labari kamar yadda na saba, ban ƙara ba ban rage ba.

"Masu tahiya biyar ne, Audu," in ji shi. "Zahra, Mushtari, Mirriku, Zuhalu, Uɗaridu. Ka sa rana da wata su cika bakwai. Wanne ne cikinsu?"

"Ba ko ɗaya, Baba. Duk na san inda suke."

"Shina da wutsiya?"

"Ba shi da ita. Da ƙyar ma ake ganin shi."

"Kai ni wurin duwatsun."

Da hantsi na kama hannunsa na kai shi. Ya durƙusa, na ɗaga kwandon, ya bi layin nan da kan yatsa a hankali, tsakuwa bayan tsakuwa, yana tambayata wannan ta wace rana ce. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar yaron da aka ba zuma. Da ya kai ta ƙarshe ya zauna a ƙasa ya ce mulkin Allah ya fi littafinmu faɗi. Sannan ya ce in ci gaba da dubawa, amma in kama bakina.

Nan ne laifina, kuma ina so a rubuta shi da baƙar tawada kamar sauran. Ban kama bakina ba. Wa zai ga abin da malaman da suka rubuta littafi ba su gani ba ya yi shiru? Na faɗa a bakin masallaci, na faɗa a majalisar mahauta, na faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Iliya ya same ni a zaure, a gaban mutane, ya ce mini cikin ladabi:

"Yaya, littahi biyar ya ce. Ka bi a hankali da maganar ga."

Da na ce masa zo mu hau ka gani, da magana ta ƙare. Maimakon haka sai na yi dariya na ce:

"Kai da ba ka taɓa ɗaga kai daga takarda ba, mi ka sani a sama? Ko hadari ya taso sai ka duba littahi ka ga ko an rubuta."

Mutane suka kwashe da dariya. Iliya ya naɗe buzunsa ya shiga gida. Daga baya na kira shi sau biyu ya hau dutsen, ya ce yana da karatu. Ni na rufe wannan ƙofa da bakina.

Ba a yi kwana bakwai ba wata tsohuwa daga unguwar marina ta yi sallama da ni, da 'yar ƙwaryar gero a lulluɓe. Ta durƙusa ta rage murya ta ce jakinta ya ɓace kwana uku, an ce mata ina da wuri a bayan gida inda nake share rairayi ina jera tsakuwa, don Allah in buga mata ƙasa in ga inda ya yi. Na tashi kamar in tashi sama, na kore ta da geronta. Amma da ta tafi na zauna ina tunani, sai a lokacin na ga abin da idon wani zai gani. Rairayi a share, tsakuwa a jere, kwando a kife, mutum yana zuwa shi kaɗai bayan duhu. Ko ni na tarar da wani haka, mai duba zan ce. Ku kuwa ba ku san zamanin ba. Tun da aka yi jihadi ba abin da malamai ke ƙyama kamar duba da bugun ƙasa, kuma gidan da ke lissafin taurari kullum a bakin zargi yake, ana jiran ya zame.

Ranar wata Laraba Liman ya zo da dattawa uku. Ba su tsaya a zaure ba, suka zarce bayan gidanmu kai tsaye, Iliya ne a gabansu yana nuna hanya, kansa a ƙasa. Liman ya sa sanda ya ture kwandon. Tsakuwa goma sha tara ne a ranar, ban manta ba. Ba zan ci naman Liman ba yana kabari, mutum ne mai adalci gwargwadon abin da ya sani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"To, Audu, magana ta yi sauƙi. In tauraro ne, nuna muna shi."

Ai kuwa wata ya kwana goma, haskensa ya shanye duk ƙananan taurari. Na ce a jira duhu, ya ce an jira. Duhu ya zo, damina ta zo tare da shi. Kwana tara hadari bai bar sama ba, manoma suna murna, ni ina hawa dutse ina saukowa kamar wanda ya yi ɓatan kai. Daren da sama ta washe muka hau da Liman da dattawan bayan lisha. Na duba inda layin ya nuna zai kasance, na ga wani abu kamar shi, kamar ba shi ba. Dama tun kafin hasken wata na lura yana ƙara dusashewa. Na miƙa hannu na ce ga shi can, suka duba har wuyansu ya gaji. Ɗaya ya ce ya ga taurari dai, da yawa ma. Gaskiyarsa, ko da sun gan shi, tauraro ne kamar kowane. Tafiyarsa ba ta ganuwa a dare ɗaya. Muna saukowa Kulu ta yi magana daga bayan zana, abin da ba ta taɓa yi ba gaban baƙi.

"Allah gafarta Malam, ni ma na gan shi, har sau huɗu."

"Allah shi yi maki albarka," in ji Liman, "amma mata ba ta yi wa mijinta shaida."

Ya sa ƙafa ya watsa tsakuwoyin. Ya ce ba zai ce ni boka ne ba, tunda bai kama ni da kowa ba, amma ba zai bar garin cikin ruɗu ba. Ran Juma'a in tashi a masallaci in ce idona ne ya yaudare ni, na tuba da abin da ya yi kama da duba, shi ke nan a rufe maganar, in ci gaba da aikina. In na ƙi, daga ranar ba a karɓar shaidata, ko ta wata ko ta tauraro.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ce in sakaya ƙofa. Wannan zaman shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai duk tsawon rayuwata.

"Audu, gobe ka tashi ka hwaɗi abin da Liman ya ce."

"Baba, kai ma kana ganin ƙarya na yi?"

"Ban ce ba. Ni na taɓa duwatsun da hannuna."

"To, kai ka ce kada in ƙara, kada in rage."

"Ni na ce. Yau ni ke roƙon ka, ka rage."

"In na tashi na ce idona ya yi ƙarya a wanga, ran da na zo na ce maka na ga watan azumi, da wane ido na gan shi?"

Ya lalubo hannuna ya riƙe, kamar ranar farko.

"In sunka hana ka, wa zai duba mani sama?"

Na zare hannuna a hankali na fita. Na daɗe ina gaya wa kaina gaskiya na tsare a ranar, kuma gaskiyar ce, na gan shi. Amma yanzu da na tsufa na san ba ita kaɗai ba ce. Akwai dariyar da za a yi mini a majalisar mahauta, akwai fuskar Iliya da ba na son in ga ta yi nasara. Da wanne na fi yin aiki, gaskiya ko girman kai, har yau ban iya rabe su ba. Ran Juma'a na tashi na ce na ga ɗan tauraro yana tafiya a gefen Kunama, ban buga ƙasa ba, kuma ba zan ce ban gani ba. Baba yana sahun gaba, bai juyo ba.

Sauran daminar na yi ta a gona kamar baƙo a garinmu. Da asuba ina ji Iliya yana hawa dutsen yana tuntuɓe, ya sauko ya shiga wurin Baba, su daɗe, Baba yana koya masa abin da ya koya mini tun ina yaro. Wannan ya fi mini zafi fiye da gulmar gari. Da aka yi kaka na ɗaure kayana a jaki biyu, muka taho Wagini wurin dangin Kulu. Na durƙusa na yi wa Baba sallama, ya sa mini albarka, bai ce in zauna ba, ni ma ban ce ya yafe mini ba. Kuma don kada ku ɗauka Runka ta lalace da na tafi, ba ta lalace ba. Iliya ya iya aikin, aka ci gaba da shuka a kan kari, aka yi azumi aka yi salla. Ni ne dai na koma manomin wake. A damina ta uku Baba ya rasu. Kafin labari ya iso ni, in kama hanya, an riga an rufe shi. Na yi kwana uku a zaure, tsakanina da Iliya ba abin da ya wuce amsa gaisuwar mutane.

Ban daina duba sama ba, mai hali ba ya bari. Kowace goshin damina in Kunama ta fito sai in nemi murhun nan, in ga uku. Shekara biyar, shekara takwas, uku dai. Har na fara tambayar kaina ko dai Liman ne da gaskiya, ko na bar ubana makaho saboda wani ƙyalli da idona ya ƙirƙira. In abin ya dame ni sai in tambayi Kulu, ita kuwa ta ce in ni na fara mantuwa ita ba ta fara ba, in ci tuwona.

A damina ta goma sha ɗaya ya dawo. Ba a murhun ba, ya gusa gabas wajen wutsiyar Kunama, amma shi ne, ƙanƙantarsa da rarrafensa na yamma duk ba su sake ba. Na kira Kulu ta gani, muka tsaya mu biyu muna kallonsa. A nan na gane ashe hanya gare shi, zagaye yake yi ya dawo, kamar Bafillacen da ke wucewa da shanunsa ya ɓace shekaru, wata rana ka gan shi a mashayar da ka san shi. Wannan karon na kama bakina, ko tsakuwa ban jera ba.

Bayan kwana goma sha biyu, da la'asar, ina gyaran ƙotar fartanya a ƙofar gida, sai ga mutum a kan jaki, gemunsa ya yi furfura. Sai da ya sauko na gane Iliya ne. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya hanya, kowa yana jin tsoron ta ƙare. Kulu ta kawo ruwa ya sha. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar jakar fata, ya aje a gabana.

"Yaya, na gan shi. Kwana tara ina bin shi. Shina tahiya."

Na ce na sani.

"Kahin Baba shi rasu ya ba ni wagga jaka. Ya ce kowace shekara in Kunama ta hito in duba, ran da na gani in kawo maka da ƙahwata. Shekara takwas ina dubawa, Yaya, ina roƙon Allah kada in gani."

Na kwance bakin jakar na zazzage a tafin hannuna. Fararen tsakuwoyi ne. Na tambaye shi ina Baba ya same su.

"Washegarin ran da ka tahi, na nemi Baba a ɗaki ban gan shi ba. Na same shi a gindin dutse shi kaɗai, shina rarrahe cikin rairayi, shina lalube da hannu. Na ce in taya shi, ya ce in bari, ni ban san su ba, shi ya taɓa su. Kwana uku shina komawa."

Na ƙidaya su, goma sha bakwai.

"Ya ce in ba ka haƙuri," in ji Iliya, "biyu bai same su ba."

Ni da ban yi kuka ba ran da na tarar an rufe Baba, ran nan na yi, a ƙofar gida, gaban masu wucewa. Iliya ya ce zai tashi a masallacin Runka ya faɗi abin da ya gani, kuma ya tashi ya faɗa. Amma Liman ya riga ya rasu, dattawan ma haka, waɗanda suka rage ba su damu da wani ɗan tauraro ba, sunan boka kuwa ya riga ya bi ni ya zauna. Ban damu ba kamar yadda na zata. Wanda nake so ya yarda da ni ashe bai taɓa ƙaryata ni ba, ni ne na bar shi.

Na sake ganin ɗan rarrafe bayan wasu shekara goma sha ɗayan, ya ƙara gusawa gabas, ni da Iliya muka dube shi tare a nan Wagini. Na gaba da wannan Sani ne ya duba mini, don yanar da ta rufe wa Baba ido ta riga ta fara kama ni. In lissafina bai kuskure ba, damina biyu suka rage ya komo, ban sa rai zai same ni ba. Ku fita bayan lisha a duhun wata, ku duba gabas da wutsiyar Kunama, ku yi haƙuri da shi kwana bakwai. Abin da kuka gani ku faɗa, amma ku faɗa da bakin da ya fi nawa laushi. 'Ya'yan Iliya kuma 'yan'uwanku ne, duk wanda ya gaya musu baƙar magana a kan wannan ban yafe ba.

Jakar tana ƙarƙashin matashina. In na mutu kada wanda ya ga goma sha bakwai ya ce zai nemo biyu ya cika. Ku bar su yadda Baba ya tsinto su.